WURAREN DA BAƘI KE ZUWA GANI A BIRTANIYA DA YADDA AKA YI SUKA TSIRA

Gabatarwa

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Da ya komo gida ya rubuta labarin abin da ya gano a littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tun gabaninsa ma sarakuna sun riga sun buɗe hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921, sa'an nan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu suka kai tasu ziyarar. A wancan zamani tafiya ce ta jirgin ruwa mai cin makonni. Yanzu kuwa jirgin sama daga Abuja zuwa Landan ba ya wuce sa'o'i bakwai, kuma ɗalibai da ma'aikatan gwamnati masu zuwa ƙaro ilmi ko kwas ba su ƙidayuwa.

A shekarar 2019 an lissafa ziyarar baƙi daga ƙasashen waje zuwa Birtaniya ta kai kusan miliyan 41, suka kashe fam biliyan 28 da 'yan kai. Annobar korona ta sa adadin ya faɗo zuwa kimanin miliyan 11 a 2020, daga baya ya sake farfaɗowa. Mafi yawan waɗannan mutane tsofaffin gine-gine da kufai da duwatsu da tafkuna suke zuwa kallo. Manufar wannan lacca ita ce bayyana shahararru daga cikin wuraren, tare da nuna wani abu da mai wucewa da gaggawa ba ya lura da shi, watau kusan kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa kaiwa bakin halaka, sai da wani mutum ko wata ƙungiya ko wata doka ta tsaya masa kafin ya kawo yau.

1. Asalin yawon buɗe ido a ƙasar

Abin da ake kira Birtaniya a harshen yau da kullum tarayya ce ta ƙasashe huɗu: Ingila, da Sikotland, da Wales, da Ailan ta Arewa. A ƙarni na 18 yawon buɗe ido harka ce ta 'ya'yan masu hannu da shuni, waɗanda kan tsallaka zuwa Faransa da Italiya su yi shekara ɗaya ko biyu. Jirgin ƙasa ne ya sauya al'amarin. A 1841 wani mutum mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirgi ya ɗebi mutum wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough, kowa ya biya sule ɗaya kuɗin zuwa da dawowa. Daga nan sana'ar shirya tafiye-tafiye ta kafu, leburan masaƙa da akawun ofis suka fara ganin wuraren da a da sai dai su ji labari.

Tun a wannan lokaci gardama ta tashi. Mawaƙi William Wordsworth, wanda rubuce-rubucensa suka sa yankin tafkunan arewacin Ingila ya yi suna, shi ne kuma ya yi ta sukar shirin kai dogo yankin a 1844, don tsoron kada taron jama'a ya ɓata wurin. Ba a saurare shi ba, jirgi ya isa Windermere a 1847. Wannan ja-in-ja tsakanin buɗe wa jama'a wuri da kare shi daga ɓarnar jama'ar bai ƙare ba har yanzu, kuma za a ga alamarsa a kowane sashe na gaba.

2. Landan: gidajen sarauta da na mulki

Baƙo yakan fara da Hasumiyar Landan, a gaɓar kogin Thames. Sarki William, wanda ya ƙetaro daga Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa aka fara gina tsakiyarta wajen 1078, domin mutanen birnin su riƙa ganinta su san sun yi sabon ubangida. A tsawon tarihinta ta zama fada, ta zama kurkuku, ta zama ma'ajiyar makamai da wurin buga kuɗi. A cikinta aka fille kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas, a 1536. Dogaran da ke zagayawa da baƙi tsofaffin soja ne da suka yi aƙalla shekara 22 suna aiki. Ana kiwon hankaki a farfajiyar, ba su gaza shida ba, saboda wani camfi da ke cewa ran da suka tashi masarautar za ta rushe.

Abin da ya fi jan jama'a a can shi ne kambunan sarauta. Mai kallo da natsuwa zai ga tarihin mulkin mallaka a jikinsu. Mafi girman lu'ulu'un da ke wurin an yanko shi ne daga dutsen Cullinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Lu'ulu'un Koh-i-Noor kuma ya shigo hannun Turawa ne a 1849, bayan sun ci ƙasar Punjab, kuma Indiya ta sha neman a maido mata da shi.

Idan aka bi kogin zuwa yamma sai a iske Majalisar Dokoki a Westminster. Ginin ya yi kama da na zamanin da, amma yawancinsa bai kai shekara 200 ba, domin gobara ta cinye tsohuwar majalisar a 1834, aka sake ginawa bisa zanen Charles Barry da Augustus Pugin. Sunan Big Ben da kowa ya sani na ƙararrawa ne mai nauyin fiye da tan 13, wadda ta fara kaɗawa a 1859. Hasumiyar da take ciki, mai tsawon mita 96, an sa mata sunan Sarauniya Elizabeth a 2012. Ga ɗan Nijeriya ginin yana da wata ma'ana ta daban, don a nan aka zartar da dokar ba ƙasarsa 'yancin kai a 1960. Daura da shi akwai majami'ar Westminster, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066. Naɗin Sarki Charles na Uku a ranar 6 ga Mayu 2023 a cikinta aka yi.

Fadar Buckingham ta zama mazaunin sarauta a 1837, amma ba a bar talaka ya shiga ɗakunanta da tikiti ba sai 1993. Dalili kuwa shi ne gobarar da ta tashi a fadar Windsor a 1992. Da aka tashi neman kuɗin gyara, sai aka buɗe Buckingham a lokacin bazarar Turai, kuɗin shigar baƙi ya taimaka wajen biyan aikin.

Gidan Kayan Tarihi na Birtaniya majalisa ce ta kafa shi a 1753, aka buɗe shi a 1759, kuma shiga kyauta ne. Dutsen Rosetta, wanda ya ba masana mabuɗin karanta rubutun Misira ta dā, yana nan tun 1802. A nan kuma ake ajiye da kayayyaki wajen 900 na masarautar Binin, mafi yawansu sojan Birtaniya ne suka kwaso a harin 1897. Wata doka ta 1963 ta ɗaure hannun amintattun gidan game da fitar da kayan da ke ajiye, kuma da ita ake kafa hujja duk lokacin da aka nemi a maido su. Wani ƙaramin gidan tarihi na Landan mai suna Horniman, wanda dokar ba ta shafa ba, ya miƙa wa Nijeriya mallakar kayayyaki 72 a 2022.

3. Kufan mutanen farko

Kimanin kilomita 140 yamma da Landan, a filin Salisbury, akwai Stonehenge, wasu manyan duwatsu da aka kakkafa a da'ira, aka ɗora wasu a kansu kamar ƙofofi. An fara haƙa ganuwar ƙasar da ke kewaye da wurin wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kafa manyan duwatsun wajen 2500. Kowane babba yana da nauyin tan 25 ko kusa da haka. Ƙananan an ɗauko su ne daga tuddan Preseli a Wales, tafiyar fiye da kilomita 200, kuma binciken da aka buga a 2024 ya nuna ɗaya daga cikin duwatsun tsakiya daga arewa maso gabashin Sikotland ya fito. Maginan sun daidaita jerin da mafitar rana a yinin da ya fi kowane tsawo a shekara.

Wannan wuri da duniya ke alfahari da shi a yau, a ƙarni na 19 yana cikin gonar wani attajiri ne kawai. Masu ziyara kan zo da guduma su ɓantari dutse su tafi da shi don tunawa. A ƙarshen 1900 wani dutse ya faɗi, mai filin ya kewaye wurin ya fara karɓar kuɗin shiga a 1901. A 1915 aka sa Stonehenge a gwanjo kamar kowace kadara. Wani mutumin yankin, Cecil Chubb, ya saye shi kan fam 6,600, sa'an nan a 1918 ya ba ƙasa kyauta. Da taron baƙi ya yi yawa har ƙafafunsu suka fara cinye ƙasar gindin duwatsun, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ja igiya, ya zama ana kallo daga nesa kaɗan.

A arewacin Ingila akwai Ganuwar Hadrian, wadda sojan Rum suka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya, daga teku zuwa teku, tsawon kilomita 117. Ita ce iyakar daular Rum ta arewa maso yamma na tsawon lokaci, kuma cikin dakarun da suka yi gadinta har da rundunar mutanen Afirka ta Arewa. Bayan tafiyar Rumawa ganuwar ta zama ma'ajiyar dutse ga kowa. Manoma suka ɗiba suka gina gidaje da shinge, masu majami'u suka ɗiba, har gwamnati da kanta ta rushe wani dogon sashe a shekarun 1750 ta shimfiɗa hanyar soja a kansa. Sashen tsakiya da baƙi ke hawa a yau ya tsira ne domin wani lauya, John Clayton, ya yi ta sayen gonakin da ganuwar ta ratsa tun daga shekarun 1830 don ya hana ɗibar dutsen.

A garin Bath kuma akwai wurin wankan Rumawa, wanda aka gina kan wani marmaro mai fitar da ruwan zafi fiye da lita miliyan ɗaya kowace rana, zafinsa digiri 46. Gine-ginen ƙarnonin baya sun binne shi, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tono babban kwamin wankan.

4. Tafkuna da duwatsu da gaɓar teku

Yankin Tafkuna, a arewa maso yammacin Ingila, shi ne ya fi suna cikin wuraren halitta. A nan ake samun Windermere, tafki mafi girma a Ingila, mai tsawon kimanin kilomita 17, da Scafell Pike, dutse mafi tsawo a Ingila, mita 978. Ƙanƙarar da ta rufe ƙasar dubban shekaru da suka wuce ita ta ƙwaƙule kwaruruka, ruwa ya cika su. Ruwan sama a wasu kwarurukan yakan zarce mita 3 a shekara, shi ya sa ƙasar take kore shar. Sai dai kyan da ake gani akwai hannun ɗan Adam a ciki: kiwon tumaki na ɗaruruwan shekaru ne ya hana itatuwa rufe tuddan, makiyaya kuma su suka jera shingayen dutse da ke hawa gangare ba tare da siminti ba. Da za a daina kiwon, da kamannin yankin ya sake.

A Wales dutsen Snowdon, wanda masu ƙasar ke kira Yr Wyddfa, ya kai mita 1,085, kuma tun 1896 akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai hawa har ƙololuwarsa. A Sikotland akwai Ben Nevis, mita 1,345, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya. Tafkin Ness yana da tsawon kimanin kilomita 37 da zurfin mita 230, amma abin da ya sa ya yi suna shi ne tatsuniyar wani dodon ruwa. Hoton dodon da aka buga a 1934, wanda ya zaga duniya, an tabbatar a 1994 cewa na jabu ne, amma hakan bai rage masu zuwa leƙe ba. Shirun da baƙo ke sha'awa a tsaunukan Sikotland shi ma yana da tarihi mai ɗaci, domin a ƙarni na 18 da na 19 masu filaye sun kori dubban manoma daga ƙauyukansu don su sami wurin kiwon tumaki, da yawa suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka.

A gaɓar Ailan ta Arewa akwai Mashigin Ƙato, inda ginshiƙan baƙin dutse kusan 40,000, yawancinsu masu kusurwa shida, suka jeru kamar daɓe suka gangara cikin teku. Narkakken dutse ne da ya fito daga ƙasa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ya huce ya tsattsage. Mutanen wurin kuwa sun ce wani ƙato ne ya shimfiɗa su don ya taka zuwa Sikotland ya yi faɗa da abokin gabansa. A kudancin Ingila kuma fararen tsaunukan alli na Dover, masu tsayin fiye da mita 100, su matafiyin da ya ƙetaro daga Faransa ke fara hangowa.

5. Masu riƙon amana

Ginshiƙai uku ne ke riƙe da waɗannan wurare. Na farko shi ne doka. A 1882 majalisa ta zartar da dokar farko ta kare kufai, bayan ɗan majalisa John Lubbock ya shafe shekaru yana gabatar da ƙudurin ana watsi da shi, saboda masu filaye suna ganin shisshigi ne cikin dukiyarsu. Dokar ba ta da ƙarfi sosai, amma ta kafa tushe. Dokar tsara birane ta 1947 ta sa aka shiga rajistar gine-gine masu daraja, kuma a Ingila kaɗai waɗanda ke cikin rajistar sun haura 370,000. Duk da haka an rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston a 1961 zuwa 1962 a kan idon masu kuka, kuma fushin da wannan ya jawo ya taimaka wajen tsaurara doka, har ya zama laifi mutum ya rushe ko ya sauya ginin da ke cikin rajista ba da izini ba, ko da nasa ne.

Na biyu shi ne ƙungiyoyin sa kai. Mutum uku, Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley, suka kafa ƙungiyar National Trust a 1895 don ta riƙa mallakar wurare a madadin jama'a. Dokar 1907 ta ba ta ikon ayyana fili a matsayin wanda ba a sayarwa ba a jinginarwa har abada, abin da ya yi kama da waƙafi a shari'ar Musulunci. Marubuciya Beatrix Potter, da ta rasu a 1943, ta bar wa ƙungiyar kimanin eka 4,000 na gonaki a Yankin Tafkuna. Membobin ƙungiyar sun haura miliyan biyar, kuma kuɗin da suke biya duk shekara yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta.

Na uku shi ne gwagwarmayar talakawa. Har zuwa farkon ƙarni na 20 yawancin tuddan Ingila a rufe suke, masu su na farautar tsuntsaye a ciki. A watan Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata daga Manchester da kewaye suka hau tudun Kinder Scout da gangan ba da izini ba, suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Hukuncin ya jawo musu goyon bayan jama'a. A 1949 aka yi dokar kafa gandayen ƙasa, aka buɗe na farko a 1951 a yankin da aka yi wannan hawan, Yankin Tafkuna ya biyo baya a shekarar. Yanzu gandayen sun kai 15.

6. Abin da ke barazana a yau

Rigakafin da aka yi bai kawar da haɗari ba. A watan Satumba 2023 wasu mutum biyu suka je da dare suka sare wata shahararriyar bishiya da ke tsaye ita kaɗai a wani kwari na Ganuwar Hadrian, wadda ta haura shekara 100. Cikin 'yan mintoci ta faɗi, ta kuma lahanta ganuwar. A 2025 kotu ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara huɗu da wata uku. A Mashigin Ƙato baƙi sun ɗauki al'adar cusa tsabar kuɗi a tsagogin dutse, kuɗin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dutsen, har masu kula da wurin suka yi roƙon a daina a 2025. A kan Snowdon da Scafell Pike tafin ƙafar masu hawa yana zaizaye hanyoyi, ana kashe kuɗi mai yawa wajen daɓe su da dutse. Birnin Liverpool kuwa, wanda hukumar UNESCO ta sa tashar jiragen ruwansa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2004, an cire shi a 2021 saboda sababbin gine-ginen da aka ba izinin yi a bakin ruwan. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa ɓarnar da takardar izini ta ofis ke yi takan fi ta mai guduma.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin da ke da amfani shi ne wanda ya zo da tambaya. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya tsaya gaban Stonehenge ko Ganuwar Hadrian ya kamata ya binciki wanda ya mallaki wurin, da dokar da ke kare shi, da inda kuɗin gyaransa ke fitowa, domin amsoshin su ne abin da zai iya komowa da shi gida ya yi aiki da shi.

Nijeriya ta yi dokar kayan tarihi tun 1953, ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa a 1979. Sukur ta shiga jerin UNESCO a 1999, dajin Osun na Osogbo a 2005, tsohon birnin Agadas na Nijar a 2013. Ganuwar Kano, wadda littafin tarihin Kano ya danganta farkon gininta da Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ta kusa sa'a da Hasumiyar Landan, amma sassa da yawa nata sun zube, an ɗebi ƙasarta an yi tubali, an kuma yi gini a kan wasu. Halin da Ganuwar Hadrian ta shiga ke nan kafin John Clayton ya fara sayen gonaki. Ita ta dutse ce, ta jure ɗiba na fiye da shekara dubu. Ta ƙasa kuwa damina kaɗan ta ishe ta. Ma'aikatan ofishin filaye da na tsara birane da ke sa hannu a takardun izini, da ɗaliban da za su gaje su, a hannunsu abin da ya rage yake.